Tsibiran da Inna Dudu ta sani

A shekarar 1997 Elijah, malamin firamare a Yelwa, ya samu aron wata tsohuwar kwamfuta. Mahaifiyarsa, Inna Dudu, tana cikin tsofaffin da suka rage masu tuna tsibiran da ruwan madatsar Kainji ya cinye: sunan kowane tsibiri, gidajen da ke kansa, da inda aka bizne kowa. So yake ya adana wannan kafin ta tafi da shi.

Ya nemi abokinsa Zaharaddeen, wanda ya koyo aikin kwamfuta a Sakkwato, ya rubuta masa manhaja.

"Mi kake so ta yi?" in ji Zaharaddeen.

"In buga sunan gida, ta nuna min tsibirinsu da kakanninsu."

"Wannan aikin mako guda ne. Amma ka ƙara min mako uku in sa ta riƙa kwafe komi a faifai, yadda kowace kwamfuta za ta iya buɗewa. In ba tun farko aka gina shi ba, wuya gare shi."

"Inna tari take yi, Zaharaddeen. Bari sai baya."

Zaharaddeen bai ja ba.

Wata bakwai Elijah yana zama gaban mahaifiyarsa bayan an tashi makaranta, tana faɗa yana bugawa. Wani lokaci sai ta tsaya kan suna guda, sannan ta ce, "Wannan ƙawata ce." Sun kai gida ɗari huɗu da sha biyu.

Ta rasu da farkon damina. Mako biyar bayan haka wuta ta dawo da ƙarfi, kwamfutar ta yi ƙauri ta mutu. Zaharaddeen ya kai ta Sakkwato. Masu gyara sun ciro abin da ke ciki, amma ba na'urar da ta iya karanta shi, ita kuma manhajar ta ƙone.

"Laifina ne," in ji Zaharaddeen da ya dawo. "Da na tsaya kan maganata."

Elijah ya girgiza kai kawai.

Ya sayi littafi ya zauna rubuta abin da ya tuna. Gida talatin da takwas ya samu. Ran Asabar ya shiga jirgin ruwa zuwa Wara, don an ce akwai wani tsoho can mai suna Tanko, wanda shi ma ya san tsibiran. Ya iske shi da rai, amma ba ya gane ko 'ya'yansa.