Makullin Na'urar Kawu

Ba likita ba ce. Aikinta ta auna jin mutum, ta zaɓa masa na'urar da ta dace da kunnensa, ta yi ta daidaita masa ita har ta zauna. Amma shekara goma sha bakwai tana yi wa mutane wannan bayani suna ce mata Likita, har ta gaji ta bar su.

Ɗakin aikinta yana hawa na biyu, saman shagon wani mai gyaran agogo. A da sai ka yi sati kafin ka samu ganinta. Yanzu kuwa har ta haddace yawan tayil ɗin ɗakin jira, domin tun da aka buɗe shagunan nan masu gilashi da ke sayar da na'urar ji kamar ana sayar da takalmi, kujerunta suka koma wurin ajiye jaka.

Ranar Alhamis da hantsi Kawu ya hawo, yana haki. Ƙanen mahaifiyarta ne, shi ya riƙe ta tun tana 'yar shekara shida, kuma har gobe malamin aji huɗu ne a firamare. Shekara biyu tana binsa ya zo ta duba shi, yana ce mata kunnensa ƙalau, yaran zamani ne ba sa buɗe baki. Yau ga shi da wani abu mai ƙyalli maƙale a bayan kowane kunne.

"Uwata, duba mini abin nan," ya ce. Haka yake kiran ta. "Ɗan'uwanki Injiniya ya saya mini. Ya ce ba a yi irinsa ba."

Abin ya yi mata ciwo, ba ta ɓoye wa kanta ba. Tana gari ɗaya da su, wannan ce sana'arta, amma babu wanda ya ɗaga waya ya tambaye ta.

"Me yake yi maka, Kawu?"

"Komai ina ji, ban da abin da nake so. Fanka kamar jirgi zai sauka. Yaro ya ja kujera, sai na ji har cikin haƙori. Amma in yarinyar baya ta ba da amsa, bakinta kawai nake gani." Ya sunkuyar da kai. "Ran Litinin masu duba malamai za su zauna a ajina. Hedimasta ya ce in suka ga ba na jin yara, ɗakin ajiyar littattafai za a mayar da ni."

Ta san Kawu. Shekara talatin da huɗu yana riƙe da alli. In aka raba shi da aji, ba zai daɗe ba.

Ta sa shi a ƙaramin ɗakin gwaji, ta ɗora masa abin sauraro, ta ce ya danna duk lokacin da ya ji ƙara. Sakamakon bai ba ta mamaki ba. Manyan sautuka masu kauri yana jin su daidai, sirara ne suka tafi, irin muryar yara. Na'urar kuwa an buɗe ta ne gaba ɗaya, tana ƙara komai da komai. Gyaran minti ashirin ne. Ta haɗa ta da kwamfuta, sai rubutu ya fito cewa a kulle take, kamfanin da ya sayar ne kaɗai ke da makullin, wato lambar sirrin buɗe ta. Ta sake gwadawa har sau uku, duk da ta san ba za ta buɗu ba.

"Kawu, bari in yi maka odar wata. Sati uku za ta iso."

"Litinin fa na ce miki. Kuma in cire abin da yaron nan ya saya da guminsa? Da wane ido zan kalle shi?"

Da yamma ta ɗauki na'urar ta tafi shagon da aka saye ta. Yana cikin katafaren kanti, tsakanin mai sayar da waya da mai turare. Wata budurwa mai fara'a ta tarbe ta, ta ce ai gyara ba wuya, saiti uku ne: ƙasa, tsakiya, sama. Wanne Baba yake so?

"Kira mini manajanku," ta ce.

Manaja ya san ta sarai. Sau biyu yana hawa benenta da tayin aiki, sau biyu tana raka shi bakin ƙofa. Hukuma ta ce dole kowane shago ya kasance ƙarƙashin mai lasisi, su kuwa rassa uku gare su ba su da ko ɗaya. Ba wai ta ga masu saye suke so ba. Ta zauna a ɗakin baya, a kawo mata takardun waɗanda aka riga aka sayar wa, ta sa hannu cewa an auna su yadda ya kamata.

"Ranki ya daɗe, yau ke ce a wurinmu?" ya ce, har da miƙewa.

"Makullin nake so. Minti ashirin, a gabanka. Kawuna ne."

"Wallahi da a hannuna yake da na ba ki. Kamfani ba ya buɗe wa kowa sai ma'aikacinsa mai lasisi." Ya jawo aljihun tebur a hankali. "Takardar ɗaukar aikin tana nan tun wancan karon. Kika sa hannu yau, gobe da safe makulli yana wayarki."

"Ka san mutum nawa za ku kurmantar da saitin nan naku?"

"To ai shi ya sa muke neman irinku," ya ce da murmushi.

Ta fita ba sallama. Ranar Juma'a ta kira duk wanda ta sani a sana'ar. Ɗaya ya rufe ɗakinsa ya koma koyarwa, ɗaya tuni yana sa wa wani kamfanin hannu, sauran babu mai makulli. Ranar Asabar ta koma kantin. Manaja ya yi mata kirki, biro kawai ya miƙa mata, ta sa hannu. Kirkin nan ya fi komai ƙona mata rai.

Ranar Lahadi ta zaunar da Kawu, ta rage manyan sautuka, ta ɗaga sirara. Ta koma bayansa ta yi magana ƙasa-ƙasa, ya maimaita ba kuskure. Minti goma sha takwas aka yi.

Ranar Talata tana ɗakin bayan shagon, ɗaki mara taga, lasisinta kuwa an kafa shi a gaba inda masu wucewa za su gani. Budurwar nan ta ajiye mata takardu sun kai kamu ɗaya. Sai waya ta yi ƙara.

"Uwata, an bar mini ajina," in ji Kawu. "Yarinyar baya ta yi tambaya, na amsa mata tun kafin ta rufe baki."

"Alhamdu lillahi, Kawu. Na ji daɗi." Da gaske ta ji daɗin.

"Kin ga abin Injiniya ko? Yaron nan ya san abin da ya saya. Kuma na ji kin koma wurinsu, kin kyauta. Mutanen nan sun san aiki. Ki kwantar da kai ki koya, kin ji? Girman kai ba ya kai mutum ko'ina."

Ta dubi tarin takardun da ke gabanta.

"To, Kawu."

Ta ajiye wayar, ta jawo takarda ta farko. Wata mata ce mai shekara saba'in da ɗaya, an sa mata saitin sama a kunne biyu. Ba ta taɓa ganin matar ba, balle cikin kunnenta. Ta nemi layin da aka rubuta cewa ƙwararriya ta duba ta tabbatar, ta sa hannu.