Tambayar Samira a Shafin Ajiyar Wake

Matasan Hunkuyi suna da shafi a intanet wanda ke koya wa manoma ajiyar hatsi da Hausa. Duk rubutunsa yana cikin wata ma'ajiya a buɗe, kowa na iya gani, kowa na iya kawo gyara. Amma gyara ba ya hawa shafin sai mai kula ya danna koren maɓalli. Da ya danna, shafin zai sabunta kansa, maganar ta shiga wayoyin mutane daga Likoro har Taba.

Hafizu, mai kula da shafin, ya tafi karatu Zariya, ya bar maɓallin a hannun ƙanwarsa Samira. Wake kuwa ya shigo gida, kowa na neman yadda zai tsare shi daga ƙwari.

Ana nan sai ga Zakiyyu, ɗan kawunta, ya yi sallama da la'asar. Mutumin da bai taɓa tambayar shafin ba, yau har da tsarabar rake.

"Samirar Baba, manyan injiniyoyi! Na tura ɗan gyara. Danna mana kawai."

"Gyaran me, Yaya Zakiyyu?"

"Ƴan kurakurai ne. Ko sai an kira taron gari?"

Ta buɗe wayar tana sunkuye. Layukan da ya cire sun fito ja, sababbin kore. Yawancinsu gyara ne na gaske. Amma can tsakiya, inda shafin ya ce a zuba wake a buhun da iska ba ta shiga, an ƙara cewa a barbaɗa masa wata hoda. Samira ta san wannan hoda. Katan-katan ɗinta ke jibge a shagon Kawu tun bara, ba ta tafiya.

Ko tana da illa a ciki? Ba ta sani ba. Abin da ta sani, Inna ma wannan shafin ake karanta mata kafin ta ɗure wakenta. Kuma me ya sa aka cusa layin a tsakiya? Me ya kawo rake?

"Caji ya yi ƙasa, Yaya. Zan duba."

"Ke dai akwai nawa," in ji shi. Ya fita yana waiwaye.

Ba za ta iya kallon idonsa ta tambaye shi ba. Amma ƙarƙashin kowane gyara akwai wurin magana, inda duk masu aikin ke gani. Ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa: "Sannu da aiki, Yaya. Wannan hodar ita ce ta shagon Kawu? Wa ya gwada ta a abin da za a ci?" Ta tura.

Kafin magariba wata Badi'a daga Makarfi ta rubuta cewa ita ma tana jiran amsa. Hafizu ya ƙara da cewa a kawo shaida.

Washegari sai Samira ta ga Zakiyyu ya cire layin hodar da kansa, ya bar sauran. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta sake bi, sannan ta danna.

Da suka haɗu a ƙofar gida ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa a taƙaice. Raken na nan a bakin randa, ba ta taɓa shi ba.