Gajeren Wardi a Gidan Mai Rake

A Nasarawan Doya, in ana zancen rake, sunan Jumare ake fara kamawa. Fadamarsa ba ta fi ta kowa faɗi ba, amma rakensa kan yi tsawon da sai an sare shi biyu kafin a ɗora wa jaki, shi kuma ba ya ɓoye jin daɗin hakan. Matarsa Uwaliya 'yar kawunsa ce, don haka tun suna yara suke tsokanar juna irin ta taubasai. Aure bai raba su da wannan hali ba, balle furfura.

A shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai, Uwaliya ta je Zariya sunan jikar yayarta Sabuwa. Mijin Sabuwa kuku ne a gidan wata Baturiya, ita kuwa Baturiyar tana haɗa kaya za ta koma ƙasarsu. Ta raba tukwane, ta raba kujeru, furannin bayan gida kuma ta ce duk mai so ya yanka. Sabuwa ta samu reshe guda na wani wardi, amma ɗakin haya suke zaune, ba ta da inda za ta kafa shi. Sai ta naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma ta ba Uwaliya, ta ce mata wannan irin ba ya cin wuri, ko a ɗan lungu zai zauna, kuma furensa sai wanda ya gani.

Da Uwaliya ta dawo gida tana kwance tsaraba, Jumare ya ɗauki reshen yana juyawa, ƙaya ta soke shi a babban yatsa. Ya tambaya ko ana miya da shi, ta ce a'a. Ya tambaya ko maganin shawara ne, ta ce ba ta ji an faɗa ba. Ya ce to ko 'ya'ya yake yi.

"Kallonsa ake yi, Malam," in ji ta.

"Kallo kawai?"

"Ai ni ma shekara talatin ina kallonka, ban taɓa yin miya da kai ba."

Jumare ya tsotsi yatsansa, ya ce ta je ta shuka abinta, shi dai kada a taɓa masa wurin barkono.

Tsakar gidan ba wani girma gare shi ba. Rumbu biyu sun cinye gefe guda, ga turken akuya, ga murhu. Uwaliya ta zaɓi wani ɗan wuri kusa da randa, inda ranar safe ke sauka, da azahar kuma inuwar rumbu ta rufe. Ta kafa reshen, ta barbaɗa toka a gindinsa saboda gara, ta kewaye shi da karan dawa. Duk ruwan da ta wanke hatsi da shi, nan take zubawa. Reshen ya zauna shiru kamar mai fushi, har ta fara cire rai. Rannan da safe sai ga ɗan toho ja ya leƙo.

Jumare ya daɗe yana wucewa ta gefensa kamar bai gani ba. Amma manomi ne, idonsa ba ya iya ganin shuka a hannun wani ya yi shiru. Ya fara da cewa ruwan ya yi yawa. Bayan kwana biyu ya ce ƙasar ta daskare, ya ɗauko fartanya ya sassauta ta. Kafin damina ta yi nisa, shi ne mai kawo taki daga juji da hannunsa, yana cewa ba don wardin yake yi ba, don kada baƙo ya shigo ya ga ramammiyar shuka a gidan Jumare.

Wardin ya yi ganye shar, ya yi rassa, ya cika ya yi dumu-dumu kamar kwandon da aka kife. Sai dai ya kai gwiwa ya tsaya. Jumare ya ƙara taki, bai motsa ba. Ya kawo ƙasar fadama, irin wadda rakensa ke ci, wardin ya ƙara faɗi kaɗan, tsawo kuwa ko na ɗan yatsa. Har sanda ya kafa masa a gefe, wai ko zai ga abin koyi. Uwaliya ta gaya masa Sabuwa ta ce haka Allah ya yi irinsa, gajere ne. Ya ce ba a yi shukar da za ta ci takinsa ta zauna gajera ba.

Labarin bai tsaya a gida ba, domin Uwaisu wanzami ya shigo yi wa Jumare aski ya ga sandar da abin da ke gindinta. Da yamma, a dandalin ƙofar masallaci, Uwaisu ya ba mutane labari cewa Jumare ya samo sabon irin rake daga Ingila, wata shida ya kai gwiwa, ga ƙaya kyauta. Daga ranar, duk wanda ya gaishe shi, in ya gama tambayar iyali da gajiya da ruwa, sai ya sassauta murya ya ce yaya mai jiki, ya fara miƙewa kuwa? Jumare yakan ce da sauƙi, ya wuce yana ƙunƙuni.

Ana cikin haka, ranar wata Laraba Uwaliya ta shiga maƙwabta barka, Jumare yana fadama, akuyar gidan ta tsinke igiya. Ta ture karan dawa, ta bi kan wardin ta cinye duk wani ɗanyen toho, ƙayar ma ba ta dame ta ba. Uwaliya ta dawo ta tarar da shi kamar kan da aka yi wa ƙwal-kwabo. Ta zauna a bakin randa ta rafka tagumi, ranar ko tuwon kirki ba ta tuƙa ba. Jumare ya rantse Larabar sama akuyar za ta kwana a hannun mahautan Maƙarfi. Uwaliya ta tuna masa cewa akuyar tata ce, kuma ciki gare ta. Sai ya huce a kan shinge, ya sake shi da ƙayar magarya, ya bi rassan da akuyar ta tattauna ya daidaita su da wuƙa, don ya ce ko ba komai a mutu da kyan gani.

Bai mutu ba. Ko'ina wuƙar ta bi, toho biyu suka fito, kowane da ƙulli a kai. Da kaka ta kawo jiki ƙullin suka fara buɗewa, yau uku, gobe bakwai, har ganyen ya kusa ɓacewa. Launinsu ba ja ba ne, ba kuma fari ba, kamar an ɗiga zoɓo a ƙwaryar nono. Da hantsi ƙamshinsu kan kai har zaure. Matan unguwa suka dinga shigowa aron rariya da ludayi, kowace sai ta tsaya a bakin randa ta manta abin da ya kawo ta. Jumare kuwa ya koma dandali ya bayyana wa jama'a cewa shi dama ya san sirrin abin aski ne, jira kawai yake lokaci ya yi. Uwaisu ya ce in haka ne a kawo masa akuyar ya ɗauke ta aiki, don ya ga hannunta ya fi nasa albarka.

Cikin masu shigowa har da matar Bobbo, Bafulatanin da shanunsa ke kwana a gonar Jumare bayan girbi. Takan kawo nono, kuma ta ga furen. Wata safiya Bobbo ya yi sallama a zaure. Suka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi rake, ya tambayi jaki, ya koma ya sake tambayar gida. Sai can ya dubi ƙasa ya ce mai ɗakinsa ta hana shi sakat a kan wani ɗan icce, shi ma kunyar faɗa yake ji. Matsalar ita ce sun kusa tashi kudu neman ciyawa, ba su da gidan da za su kafa shi.

Jumare ya ji abin ya yi masa daɗi, an zo neman iliminsa a kan wardi. Uwaliya ta tafi rijiya, bai jira ta ba. Ya shiga ya zaɓi reshe mafi ƙwari ya yanke, ya kafa shi a wata tsohuwar tukunya mai huda a gindi, ya cika ta da ƙasar fadama. Ya yi wa Bobbo dogon bayani a kan ruwa da toka da inuwa, ya kuma ja masa kunne kada ya sa rai da tsawo. Ranar tashinsu, mutanen gari suka ga takarkari ya wuce da ƙore da tabarmi, a tsakiya ga tukunyar wardi an ɗaure ta tam, matar Bobbo tana biye tana kare ta da faifai.

Uwaliya ta ga gurbin yankan tun ranar da aka yi shi. Ta tambaya, ya ce ai kyauta ya yi da ɗan abin da suke da shi.

"Muke da shi?" in ji ta. "Yaushe ya zama namu?"

Ya ce tun ranar da wardin ya ci takinsa. Ta ɗauki tulunta ta juye ruwa a randa.

Larabar da ta biyo, Jumare ya shirya kai rake kasuwar Maƙarfi. Uwaliya ta miƙo masa hularsa kamar kullum, ya kafa ya fita. A hanya duk wanda ya wuce shi sai ya waiwayo yana murmushi. A kasuwa dillalai suka yi ta ce masa ango, ango, wata tsohuwa mai daddawa har guɗa ta yi masa. Shi kuwa ya ɗauka kyan rakensa ne, ya yi ta amsa gaisuwa da fara'a, kafin azahar ya sayar da kayansa kaf. Sai da ya tsuguna alwala ya cire hular zai shafi kai, ya ga fure guda, babba, an soke shi da ƙayarsa a bayan hular.

Ya daɗe yana kallonsa, mutanen da ke gefe suna jira su ji abin da zai ce. Ya ƙarasa alwala ya yi salla. Da ya fito ya gyara wa furen zama, ya dawo da shi ta gaba, ya kora jakinsa ya nufi rumfar masu atamfa, ya zaɓa wa Uwaliya turmi.