Gorar Chaibou Maƙeri

Shekarar da damina ta ƙi, soja kuma suka karɓi mulki, ciwon ƙirji ya tasar wa maƙeran azurfa biyu a Agadas, Chaibou da Inoussa. Shekara arba'in suna shaƙar hayaƙin gawayi a rumfa ɗaya, kowa na leƙen aikin ɗan'uwansa. Saura kwana goma bikin gishiri na Ingall, inda Chaibou ya sa ran sayar da aikinsa na shekara guda.

A gidan likita, Majo Biba, ma'aikaciyar jinya, ta ɗaura wa Inoussa inji mai gurnani, tururin magani na fita ta abin rufe hanci. Chaibou kuwa sai ta miƙa masa ɗan famfon fesawa, an cusa shi a gindin gorar roba.

"Baba, fesa ɗaya, ka ja numfashi sau biyar ta bakin gorar."

"Ni? Gorar ruwa? Shi kuma inji?"

"Magani ɗaya ne, Baba. Shi ba ya iya jan numfashi ne yau. Taka ma ta fi, ko'ina kana iya tafiya da ita."

Ina! Kishi ya riga ya cika masa ciki. Wato Inoussa, wanda ko awarwaro bai iya lanƙwasawa daidai ba, shi ne na inji! Yana isa gida ya jefa gorar bayan randa. Ya riƙa fesa maganin kai tsaye a baki, rabi kan harshe, rabi a iska. Matarsa ta yi magana har ta gaji.

Bayan kwana bakwai aka ɗauko shi a kura zuwa gidan likita, leɓe ya yi baƙi. To, buƙata ta biya, ga inji an ɗaura masa. Wallahi har daɗi ya ji.

Ana gobe biki sai ga Inoussa, da rawani sabo, ya zo sallama. A wuyansa ga gorar roba rataye, irin wadda Chaibou ya jefar, matarsa ta ɗinka mata gidan jar fata har da tuntaye.

"Motar na jira, Chaibou. Kawo kayanka in sayar maka."

Chaibou ya yunƙura zai miƙe. Tiyon injin ya ja shi baya, tari ya sarƙe shi. Ya daɗe yana kallon gorar nan.

"Suna cikin akwati," ya ce. "Kada ka ce musu kai ka ƙera."