Minti Uku a Zauren Kansiloli

Fergus Tennant na ɗaura igiyar takalmi sai ɗansa Ruari ya shigo kicin da kayan aiki, siminti ya bushe a gwiwar wandonsa.

"Baba, da gaske za ka je?"

"Sun ba ni minti uku."

"Mu arba'in ne fa. In kamfanin ya rasa ginin makarantar nan, ƙarshen wata za su sallame mu."

Fergus ya kurɓe sauran shayinsa, ya ɗauki riga ya fita.

Ma'aikacin lantarki ne, ko kuwa a ce da can. Tun ranar da ya tsayar da aiki saboda ya ga waya tsirara kwance cikin ruwa, babu wurin ginin da ya sake ɗaukarsa a duk Scotland. Shekara goma sha shida yana tuƙa tasi bai san dalili ba, sai da asiri ya tonu cewa manyan kamfanonin gini suna da baƙin kundi na waɗanda ba a so. Bayanin da aka tara a kansa ya kai shafi goma sha ɗaya. Kamfanin Harkness ne ya kai sunansa, kuma a nan Ruari yake birkila yanzu.

Bara ƙaramar hukuma ta yi doka: duk kamfanin da ya sa hannu a kundin ba zai sami kwangila ba sai ya amsa laifi ya gyara. Yau za a duba batun Harkness, kuma an ba Fergus minti uku ya ba da shaida.

A ƙofar zaure ya tarar da Dod, tsohon abokinsa na ƙungiyar ƙwadago, ya jingina da sanda.

"Tsoho, ka iso? Na ɗauka gwiwar ta hana ka."

"Wa ke magana, mai ƙafa uku?"

"Yau ka yi musu tatas. Kada ka rage komai."

Fergus ya gyaɗa kai kawai. Har ya zauna bai san abin da zai faɗa ba.

Batunsu ne na tara. Aka yi awa biyu ana ja-in-ja kan kwashe shara da wurin ajiye motoci. Bayansa ya ƙage. In ya juya ya ga Dod, sai ya tuna shekarun tasi. In ya sunkuya, sai ya tuna matar Ruari da cikinta wata bakwai.

Da aka zo kansu, shugabar kwamitin, Kansila Gillespie, ta ba lauyan hukuma dama. Lauyan ya miƙe da takarda ɗaya. Ya ce an rushe tsohon Harkness shekara huɗu da suka wuce. Mai neman kwangilar sabon kamfani ne, Harkness ta Arewa, kuma ba shi da wani tarihi a kundin. Don haka dokar ba ta hau kansa ba, babu buƙatar jin shaida.

"Daraktocin su ne dai!" Dod ya daka tsawa. "Motocin ma fenti kawai aka sake musu!"

"A yi mana shiru, don Allah," in ji shugabar. Ta dubi Fergus, ta kawar da kai. "Malam Tennant, mun gode da zuwanka. Batu na goma."

Fergus na cikin bas zai koma gida, an fara yayyafi, wayarsa ta yi ƙara. Ruari ne, ana jin injin kwaɓa siminti a bayansa.

"Baba, labari ya iso mana. An ce ko uffan ba ka ce ba." Ya sassauta murya. "Na san abin da ka haɗiye saboda ni. Na gode."

Fergus ya buɗe baki zai faɗa masa yadda aka yi, sai ya ji wata irin gajiya ta danne shi. Ya goge gilashin taga da hannun riga.

"Ajiye wayar ka koma bakin aikinka," ya ce, "kada wani ya gan ka a tsaye."