Marar Fassara

"A'a, ba wannan ba," in ji Tabawa. "Na Turanci nika so, wanda ba a taɓa ba."

Ɗan Asabe mai tura finafinai ya ɗago kai daga kwamfutarsa ya dube ta. Ranar Talata ce, kasuwar Mafara ta fara cika, kuma samari sun yi layi a bayan Tabawa, kowa da waya a hannu.

"Inna, mai fassara ya hito tun makon jiya. Hausa zalla. Shi kowa ka ɗauka."

"Kowa ya ɗauka. Ni marar fassara za ka sa min."

"Kina jin Turanci?"

"Kai kana ji?"

Samarin suka bushe da dariya. Ɗan Asabe ya girgiza kai, ya jona wayarta. Yana turawa yana yi mata bayanin da ba ta tambaya ba: wannan sabon fim ba ci gaban tsohon ba ne, baya aka koma, zamanin da tsohuwar sarauniya take budurwa. Ya ce kuɗin da Turawa suka narkar a kai sun isa a kwalta hanya daga nan har Bakura a dawo.

Tabawa ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci. Amma tsohon fim ɗin ta san shi ciki da waje, har ta fi samarin nan. Bayan rasuwar mijinta Malami mahauci, da ta fita takaba, masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, gidan ya yi mata faɗi. Autarta Raliya tana karatun jinya a lokacin. Wata yamma ta zo ta zauna a tabarmarta, ta jingina waya da kwanon sha, ta ce, "Inna, zo ki ga wasu mutane da sunka hi mu damuwa." Sai a kalli kaɗan, Raliya ta tsayar, ta faɗa da Hausa, a ci gaba. Sunayen Turawan sun ƙi zama a bakin Tabawa, don haka ta raɗa musu nata. Sarauniyar da ke zaune a kangon birni ita ce Mai Ido Guda. Wazirinta kuwa Dillali, saboda murmushinsa irin na masu shiga tsakani a kara, kasuwar dabbobi. Haka suka yi ta binsa shekara da shekaru, kafaɗa na gogar kafaɗa, har ya ƙare.

Sannan Raliya ta yi aure, ta sami aiki a wani asibiti a Maradun. Ba nisa, amma hanyar ba ta biyuwa yadda aka ga dama. Waya kuma kullum gajera ce: "Inna, ina da marar lahiya, bari in kira ki." Gaskiyar magana, Tabawa ba kewar sarauniya take yi ba. Zama take so, irin na da, ita da 'yarta, da wani abu a gabansu da zai hana yarinyar tashi. Kuma ta lissafa cewa in fim ɗin Turanci ne, dole a zauna mata.

Ta bi ta rumfar ɗanta Tijjani, wanda ya gaji wuƙar ubansa, ta karɓi ƙunshin kilishi.

"Kar ki yi yamma, Inna," ya ce. "In an yi la'asar ba mota."

"Na san hanya tun ba a haihe ka ba."

A motar Maradun an matse ta tsakanin buhun albasa da wata mata mai goyo. Ba wanda ya yi hira. Duk inda daji ya yi duhu sai direba ya ƙara wuta, fasinjoji su yi ta salati ƙasa-ƙasa. Tabawa ta riƙe wayar a cikin hijabi, ba ta kunna ba. Ta yi wa kanta alkawari ba za ta ga ko fuskar mutum ɗaya a fim ɗin ba sai tare da Raliya.

Da hantsi ta yi sallama. Raliya ta fito da gudu, sanye da fararen kayan aiki, idanunta jajir.

"Inna! Ba ki ce kina tahe ba!"

Suka gaisa doguwar gaisuwa, aka tambayi gida da gajiya da mutanen Mafara, aka tambayi Ishaq maigidan Raliya, wanda ke koyarwa a Bakura, sai ƙarshen mako yake zuwa. Raliya ta ce kwana ta yi a asibiti, yanzu ta shigo, kuma an sake kiranta, abokiyar aikinta ba ta zo ba, ga mace a kan gwiwa.

Tabawa ta fara laluben wayarta. "Dama wani abu na zo da..."

"Tsaya, Inna, ni ma ina da abin ba ki. Na aje miki, ina jiran wanda za shi Mahwara."

Ta shiga ɗaki ta fito da ɗan filashi, ta soka shi a bayan talabijin. Fuskarta cike da murna, irin ta yaron da ya ɓoye wa uwarsa tsaraba.

"Sabon fim ɗinmu na! Kuma mai fassara. Na sa an nemo miki shi musamman. Yanzu ba ki buƙatar kowa, Inna. Duk sa'ad da kinka so ki kunna abinki."

Tabawa ta saki wayar a cikin hijabi. Aka kunna, muryar wani namiji ta cika falon, yana gaida masu kallo yana tallar shagonsa.

"Wagga Hausar Kano ta," ta ce. "Ni ba ni jin ta."

Raliya ta yi dariya har da riƙe ciki. "Inna ke nan! Ke da kika sauraren rediyon Kano tun ina goye?" Ta rataya jaka. "Ga tuwo nan cikin kula. In ta haihu da wuri yanzu za ki gan ni."

Ƙofar gida ta rufu. Tabawa ta zauna a ƙasa, ta bar kujerun, ta miƙe ƙafa.

Kuɗi kam an kashe, wannan ko maƙiyi ya yarda. Birnin da ta sani kango, jemagu na kwana a ciki, ga shi tsaye da hasumiyoyi farare, kasuwa cike, yara na guje-guje. Tsuntsayen da mayaƙa ke hawa, waɗanda a tsohon fim saura ɗaya tsoho mai karyayyen fiffike, ga su garke guda suna rufe rana. Aka yi walima, aka gasa sa sukutum. Tabawa ta yi tsaki. Wutar ta yi yawa, waje zai ƙone ciki ɗanye. Ta juya hagu za ta faɗa wa Raliya, sai ta ga kujera ba kowa.

Sannan yarinyar ta fito, Mai Ido Guda tun ba ta zama sarauniya ba. Budurwa ce mai tsalle-tsalle, mai dariya, ga idanu biyu tas. Tabawa ta dafe ƙirji. Daga nan ba ta sake samun natsuwa ba. Duk wanda ya zare wuƙa, ko tuffa zai yanka, sai gabanta ya faɗi. Ta san abin da yarinyar ba ta sani ba: idon zai tafi, birnin zai rushe, duk waɗannan masu rungumar ta za su watse su bar ta ita kaɗai a babban gida. Uwar yarinyar tana taje mata kai tana faɗa, yarinyar tana zillewa tana son fita. "Zauna, 'yar nema," in ji Tabawa da ƙarfi. "Ina kika sauri zuwa?"

Mai fassarar bai tsaya ba ko sau ɗaya. Shi ne sarki, shi ne sarauniya, shi ne jariri. Ba ya jira a yi mamaki, ba ya tambaya ko an gane. Kuma ta gane komai, tsaf, fiye da yadda ta taɓa ganewa a bakin Raliya, mai tsallake wurare tana cewa nan gaisawa kawai suka yi. Abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Fim ɗin ya yi kyau, kuma ba ta taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba.

Ta yi azahar, ta taɓa tuwo kaɗan, ta kalli kashi na biyu. Rana ta karkata. Ta naɗe sallaya, ta ajiye kilishin a kan tebur, tana gyara hijabi sai ga Raliya, tana jan ƙafa.

"Namiji," ta ce. "Sun sha wuya, amma suna lahiya." Ta zube a ƙasa ko takalmi ba ta cire ba. "Kin kalla? Ya yi kyau? Ni wallahi ko minti ɗaya ban samu na gani ba."

"Ba laihi."

"Ba ni labari, Inna. Kaɗan, kahin ki tahi."

Tabawa ta dubi ƙofa, ta dubi 'yarta, ta koma ta zauna. Raliya ta matso ta ɗora kai a cinyarta.

"To, kin san Mai Ido Guda? Ashe da idonta biyu. Kuma ƙiriniya gare ta, kamar wata da na sani. Dillali kau yaro na, ko gemu babu, amma murmushin nan tun sannan yana nan..."

Ba ta kai ga walimar ba numfashin Raliya ya canza. Hannunta ya saki, ya faɗi a kan tabarma, yana warin sabulun asibiti.

Aka kira la'asar. Ƙafar Tabawa ta fara sanyi, sannan ta mutu gaba ɗaya. Wayar ta yi gurnani a cikin hijabi, ta lalubo ta a hankali.

"Inna, kin shiga mota?" Muryar Tijjani ce.

"Sai gobe," ta ce da raɗa. "Ka rufe min kaji."

Ta kashe. Ta zare wa Raliya ɗankwalin da ya zame, ta gyara mata kai. Sannan ta rage murya, ta ci gaba daga inda ta tsaya, har ta kai wurin walima da san nan da suka ɓata da wuta.