Ranar Gyaran Terne

"Danna mana! Tsoro kake gilashin ya cije ka?"

Bodil ce ke magana daga cikin jirgin ruwan, tana durƙushe a kan gado, ta naɗe bakin igiya a yatsunta. Preben na waje a kan tsani, ya dafe gilashin tagar da hannu biyu.

"Ina dannawa. Ke ce kike ja kamar mai jan taru."

Sa robar taga aikin mutum biyu ne. Na waje ya danne gilashin, na ciki ya riƙa jan igiyar da aka cusa a bakin robar, a hankali, har robar ta kama jikin jirgin. Bodil ta ƙara shafa ruwan sabulu, ta ja. Roba ta zauna daram.

Sun fi shekara goma da rabuwa. Lokacin da auren ya mutu sun raba gida, sun raba kujeru har da cokula, babu wanda ya ji kansu. Da aka zo kan Terne, tsohon jirginsu mai tafiya da iska, sai abu ya gagara. Ita ta ce ba za ta saki ba, shi ma haka. Suka bar shi na su biyu, kowa da makon da yake fita da shi. Rana ɗaya tak suke haɗuwa a shekara, ƙarshen hunturu, a filin da ake kafe jirage a bakin tashar garin Lemvig, su yi masa gyara kafin a mayar da shi ruwa.

Aksel, tsohon masuncin da ke fentin jirginsa a gefensu, ya ɗago kai.

"Ku da kun riƙa gyaran aurenku yadda kuke gyaran jirgin nan, da yanzu ba a haka ake ba."

"Jirgi ba ya mayar da magana," in ji Preben.

"Kuma ba ya minshari," Bodil ta amsa daga ciki.

Da suka gama taga biyu sai suka koma baya, wajen zaman matuƙi. Bencin da ake zama a kai akwatunan ajiya ne, murafensu na katako. Preben ne ya sassaƙa su tare da mahaifin Bodil a shekarar da aka ɗaura musu aure. Yanzu katakon ya ruɓe, in ka danna da yatsa sai ya lotsa. Bodil ta shafa wani baƙin zobe da ke kan ɗaya daga ciki. Shatin tukunya ne, ita ta dire ta da zafinta ranar da guguwa ta riske su a hanyar Norway. Kusa da shi ga zanen kifi mai ƙafafu, wanda 'yarsu Signe ta karta da cokali mai yatsu tun tana ƙarama.

Preben ya ciro sababbin murafen daga kwali. Farare ne tas, na roba mai tauri, ba nauyi.

"Wannan kuma fa? Murfin masai ka sayo mana?"

"Ba ya ruɓewa."

"Kai da ka ce ko bayan ranka kada a canza wa Terne katako da roba?"

Ya durƙusa, ya ɗauki ƙaramin sukuru zai ɗaura murfin. Sukurun ya suɓuce, ya gangara cikin akwatin. Ya ɗauko wani, shi ma ya bi sahu. A na uku Bodil ta daina kallon sukurun, ta koma kallon hannun. Hannunsa na dama rawa yake, bakin sukudireban na ƙwanƙwasa murfin, ƙwas-ƙwas-ƙwas.

"Sanyi ne," ya ce, bai ɗago ba.

Ta buɗe jakarta ta fito da baƙin burodi da kifi mai tsami, ta ce a ci abinci tukuna. Suka zauna suna fuskantar juna, kamar yadda suke zama a da in iska ta kwanta a tsakiyar ruwa. Ya ɗauki filas zai zuba kofi, rabi ya shiga kofin, rabi ya zube masa a wando.

"Preben. Tun yaushe?"

Ya daɗe yana goge wandon.

"Tun kafin Kirsimeti. Likita ya ce Parkinson ne, ciwon nan mai sa rawar jiki. Akwai magani, yana rage gudunsa, amma ba ya tsayar da shi."

"Signe ta sani?"

"Ke na fara gaya wa."

Wani tsuntsun teku ya sauka kan ƙarfen gefen jirgin yana leƙen burodin. Babu wanda ya kore shi.

"Ba zan sake fita ruwa ni kaɗai ba," ya ce. "Shi ya sa na sayo marasa nauyi, ki iya ɗagawa da hannu ɗaya. Tagogin ma shi ya sa na matsa a yi su bana. Ban so in bar miki shi yana yoyo. Muna gamawa yau, jirgi ya zama naki."

Shekara da shekaru tana jiran ranar da zai faɗi haka. Har ta sha tsara yadda za ta canza labule, ta zubar da tarkacen ƙugiyoyinsa. Yanzu ya faɗa, sai ta ajiye burodinta ba ta ƙarasa ci ba. Ta tuna darensu na farko a jirgin nan, ruwan sama na ɗiga ta taga daidai kan fuskarta, shi kuma ya kwana riƙe da kwano a samanta yana rantsuwa gobe zai gyara. Sai da ya shekara biyu bai gyara ba.

"Wa ya ce maka ina so?" ta ce, muryarta ta fi yadda ta yi niyya kaifi.

"Ke kika ce. Har gaban lauya."

"Wannan ai don in ɓata maka rai ne."

Ya yi dariya, ita ma ta kusa yi. Ta karɓi sukudireban daga gefensa.

"Riƙe murfin, tsoho. Ni zan ɗaura."

Ya riƙe, ta ɗaura. Yana ta faɗa mata ta karkace, tana ce masa ya rufe baki. Da suka koma kan tagogi ta hana shi hawa tsani. Ita ta fita waje tana danna gilashi, shi yana ciki yana jan igiya. Ta cikin gilashin tana ganin tsakiyar kansa, inda gashi ya ƙare, da yadda yake cije leɓe in yana aikin da ke son natsuwa. Ta uku ta zauna, sai ta huɗu.

Saura ta gaba, 'yar ƙaramar da ke saman gado. Sun riga sun cire tsohuwar robar, gilashin na jingine. Rana ba ta ko karkata sosai ba. Preben ya miƙo hannu ta ramin tagar.

"Ba ni robar mu ƙarasa."

Bodil ta dubi robar da ke hannunta. Sai ta shiga naɗe ta, ta tura cikin aljihun rigar sanyinta.

"Gwiwata ta gaji. Sai Asabar."

"Aikin da bai kai shan kofi ba? Ranar Juma'a fa ake saka jirage a ruwa."

"To a saka na wasu. Namu ya jira."

Ya tsaya yana kallonta ta ramin. Ita kuma ta kau da kai, wai tana neman wani abu a jakar kayan aiki.

"Namu," ya ce.

"Kurma ka zama kuma? Nemo leda mu toshe ramin nan kafin ruwa ya sauko."

Ya nemo leda, ya riƙe ta daga ciki. Ledar na ta ƙara saboda rawar hannunsa. Bodil ta ɗora tafinta a kan nasa ta waje, ta danne, ta fara liƙa salatif da ɗaya hannun.

"Asabar ɗin," ya ce ta bayan ledar, "ki taho da kek ɗin nan naki mai kirfa."

"Ka taɓa cewa yana da daɗi?"

"Ban taɓa ba."

"To zan duba," ta ce, ta yanke salatif ɗin da haƙori.